Kantar Sama

"Ni ce mahaukaciyar? Ni?!"

Ɗana ya sunkuyar da kai. Matarsa tana bayansa tana sharar hawaye.

Ga yadda aka yi, ku yi mana alƙalanci. Wata uku da rasuwar maigidana, surukata ta shiga sitona wai za ta gyara. Ta juye shinkafa da gari da sukari da gishiri cikin robobi iri ɗaya, ta manna wa kowace rubutu. Ni da ko alif ban sani ba! Gwangwanayena na shekara arba'in, waɗanda nake ganewa da lotsawarsu, ta cusa a buhu ta jefa lungu. A ranar, gishiri na zuba a shayi.

Washegari aka buɗe sito, komai ya koma gwangwaninsa. Ta sake shiryawa, ya sake komawa. Har sau uku.

"Mama ce ke yi tana mantawa," in ji ta. Kafin azahar unguwa ta ji kaina ya taɓu. Ɗan da na haifa ya fara maganar asibiti.

"Mama, don Allah... Zuciyata ba ta nufin..." in ji shi. Haka yake kiran matarsa.

"Zuciyarka? To ni mece ce, tafin ƙafarka? Ta shirya yadda take so, ka kulle, ka riƙe makullin. Yau za a yi ta!"

Ta shirya, ya kulle. Muka zauna a falo mu uku, rana tsaka, muna kallon ƙofar sito.

Sai muka ji. Ƙwas... ƙwas... Gwangwani na sauka kan katako, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ƙanshin garin katako ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Marigayi kafinta ne, shi ya buga kantocin nan da hannunsa.

Surukata ta damƙe hannun mijinta. "Masoyi, kar ka buɗe..."

"Buɗe!" na ce.

Ya sa makulli ya buɗe. Ba kowa. Gwangwanaye a jere, kowanne a mazauninsa. Kantar sama da ta cika da kaya kuwa wayam, an sauko da komai daidai kafaɗata.

"Mama... wa ya..."

"Tun da ubanka ya aure ni bai taɓa bari na taka kujera ba."

Yarinyar ta zube ƙasa ta kama ƙafata. "Ki yafe ni, Mama!"

"Gida-gida kika kai haukata, gida-gida za ki bi ki karɓo shi. Kai kuma ka raka ta, tunda zuciyarka ce."

Suka fita sum-sum.

Na shiga sito na ja ƙofa. Ƙanshin na nan.

"Kai ma da laifinka," na ce da marigayi. "Kana ji ana kirana mahaukaciya, ba za ka buɗe baki ka ce kai ne ba?"

Na jira har hawaye suka jiƙa min wuyan riga.

Dama can shi ba mai magana ba ne.