Akori-kurar Marigayi Lado

"Wallahi Baba, ba haka yake ba!"

"Rufe mani baki, Basma! Kullum da motar da yake zuwa da ita. Wanda bai iya riƙe mota guda, ina za ya riƙe mani ɗiya?"

Na san aikin Rukayya ne, ɗiyar Gwaggo, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan saurayina Suhaib. Ita ta tsegunta wa Baba wai yadda yake canza mota haka yake canza 'yan mata.

Alhali aikinsa ke nan! Manaja ne a wani kamfanin haɗa motoci a Kaduna, kuma duk sabon samfurin da za su fitar sai ya gwada shi da kansa a hanyar Dutsin-Ma zuwa garinmu Kurfi. Ga gwaji, ga zance. Baba kuwa ko asalinsa ya ƙi tambaya.

"Ya zo Juma'a in gan shi. In bai yi mani ba, an gama."

Na kira Suhaib ina kuka, na zayyane masa komai.

Sai ya yi dariya.

"Rabin raina, share hawayenki..."

Ni kuwa kamar in shaƙe shi ta cikin wayar.

Ranar Juma'a na kasa zaune na kasa tsaye. Aka sauko masallaci, shiru. Aka yi la'asar, shiru. Tsoro ya cika ni.

"Halan yana can yana zaɓen mota," in ji Rukayya, "ko kau yarinya."

Can sai ga wata ƙara kamar injin niƙa. Na leƙa ta zaure...

Wata tsohuwar akori-kura ce, tana tari tana hayaƙi. Suhaib ya fito, babbar rigarsa duk baƙin mai.

Na ce shi ke nan, ya kashe ni!

Ya durƙusa gaban Baba. "A gafarce ni Baba, mutuwa ta yi mani a hanya."

Baba ya zagaya motar a hankali, ya shafa ƙofarta.

"Wannan ba motar Lado ba ce, mai ɗauko wake daga Karofi?"

"Ita ce, Baba. Mahaifina ne, Allah Ya jiƙan shi. A ƙarƙashinta na koyi riƙe sifana. Waɗancan duk na kamfani ne, wannan kaɗai ce tawa. An sha ce mani in kai ta bola, na kasa."

Baba ya juyo ya dube shi.

"Allah Ya jiƙan Lado. Wanda ya yi haƙuri da wannan ƙwarangwal za ya iya da rigimar Basma. Turo magabatanka."

Na zame bakin zaure ina kuka ina dariya.

Ranar kai amarya motocin kamfani suka cika layinmu, ni kuwa na kafe sai akori-kura. Ba mu bar Kurfi ba ta mutu, dole 'yan rakiya suka sauko turi.

Har da Rukayya.