Sai Kun Zo

"Wallahi Yaya, ko ka aika Gaya a kira Malam Sharfaddeen, ko in hau babur in je da kaina!"

"Ki zauna, Hansai. Shegantaka ce. Yau kika san Zulfa da kwaikwayon mutane?"

"Shegantakar ce ke jifan kwano? Ita ta ramar da yarinya kamar kara?"

Maiwada ya kau da kai daga ƙanwarsa. Rana ta faɗa bayan rumbu, kaji sun shige akurki, ƙauyen Gafasa ya yi tsit irin na almuru. Sai tsakuwa ta sauka a kan kwano. Wata ta biyo ta. Daga ɗakin 'yarsa Zulfa murya ta fito a hankali, da ɗan dishinta:

"Malam, ruwan alwalarka zai huce."

Muryar Hanne ce, matarsa, haka take kiransa. Bara ta rasu yana hanyar Legas da lodin gyaɗa, kafin ya iso an rufe ta. Tun daga nan komai na gidan ya ɓace masa. Ko basillar ɗinkin buhu har yau bai san inda ta ajiye ba.

Da hutun bana Zulfa ta bi 'yan jami'arsu zuwa Maroko aikin sa-kai. Sun yi wa wata makarantar ƙauye fenti, sun hau duwatsu har ƙafa ta yi bororo, a ƙarshe aka kai su kufan wani tsohon birni, ginshiƙai tsaye babu rufi. Ta dawo da dabino da hotuna. Ba a jima ba aka fara jifan kwano, abinci ya daina shigarta.

Zulfa kuwa tun tana ƙarama ba wanda ya tsira daga bakinta: ladan, mai tallan kifi, Gwaggo Hansai in masifa ta motsa. Nan uban ya samu mafaka, wai kwaikwayon uwarta kawai take yi. Amma Hansai tana da ido. Ta ga kullum kafin magariba yakan shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakin, ya zauna yana jira.

Washegari ta hau babur ɗin.

Malam Sharfaddeen ya iso rana ta yi ja. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta ɗago kai.

"Wane ne kai? Me ya kawo ka?"

"Gayyato ni aka yi," in ji muryar Hanne. "Kowa in ya zo kufanmu hoto yake ɗauka ya wuce. Ita kaɗai ta yi sallama. Ta zauna a dokin ƙofata tana yi wa ƙawayenta maganar uwarta, suna dariya, ita tana share ido. Da za ta tafi ta juyo ta ce, to masu gida, sai kun zo."

"Kai, wannan ai faɗa ake yi kawai!" Hansai ta ce daga bayan ƙyaure.

"Me ya sa kake magana da muryar mamaciya?" Malam ya tambaya.

"Da ita aka kira ni. Kuma akwai mai so."

Ba wanda ya dubi Maiwada. Kansa na ƙasa.

"Kana cinye yarinya. Fita, ko in ƙona ka."

"Ba sai ka ƙona ni ba. Baƙo ne ni, ba ɓarawo ba. Maigida ya raka ni bakin gari, ya sallame ni da bakinsa. In ya ce in zauna, na zauna."

Maiwada ya dubi wuyan hannun 'yarsa, awarwaron uwarta na yawo a jiki kamar na aro. Ya miƙe ya sa takalmi.

Suka bi ta cikin gonakin dawa, shi da ita a gaba, Malam da Hansai daga nesa. Tana tafe tana yi masa hira irin ta Hanne, wai gishiri ya yi tsada, wai ya daina fita ba hula. Shi kuwa sai rage sauri yake yi. A gindin tsamiyar bakin hanya ya tsaya. Ya juyo ya dube ta.

"To. Allah ya kiyaye hanya. A gaida gida."

"Babu kowa a gidan, Malam," in ji muryar.

Zulfa ta sulale ƙasa. Da ta buɗe ido, muryarta ce ta kanta, ƙarama: "Baba, yunwa nake ji."

Hansai ta rungume ta tana kuka, Malam ya shafa addu'a. Can ta waiwayo, ta ga yayanta yana nan tsaye yana kallon hanya.

"Yaya, an fa gama. Me kuma kake jira?"

"Ban tambaye ta inda ta sa basillar ba."