Ki Shiga Cikin 'Yar

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, Injiniya yana zaune inda ya saba, gaban kwamfuta, ya ba ƙofa baya. Sana'arsa gina shafukan intanet ce, irin waɗanda kan baje a babban allo, su kuma tsuke su zauna daidai a fuskar waya. Kowane shafi akwatuna ne, wani cikin wani. Na waje shi yake kira uwa, na ciki kuwa 'ya, da rubutun CSS kuma yake yanka wa kowanne faɗinsa da mazauninsa.

Tun rasuwar matarsa gidan ya yi tsit. Su biyu suka rage, shi da 'yarsa, wadda marigayiyar ta laƙaba wa Shalele. Mutumin kirki ne wallahi, ba duka ba zagi, yarinya ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba. Sai dai in ya dube ta uwarta yake gani, nan take sai ya kau da kai, hira ba ta haɗa su. Amma akwatunan nan? Tab! Da su yake hira, a fili kuma. "Ke, matsa gefe." "Yauwa 'yar albarka, zauna nan."

A yammacin nan taswirar wani shago ce ta ƙi ji. Da ya tsuke shafin zuwa girman waya sai ta ƙanƙance, ta maƙale a kusurwa. Ana fara kiran magariba ya yi tsaki.

"Haba baiwar Allah, me kike raɓewa a lungu? Ki shiga cikin 'yar mana, ki cika ta. Wurin duk naki ne."

A tsakar gida kwanon da Shalele ke wankewa ya faɗi, ya yi ta juyi a siminti har ya gaji. Sai ya ji numfashi a ƙeyarsa. Yarinyar ce tsaye, hannuwanta na ɗigar ruwa, idanunta a kafe.

"Na shiga," in ji ta, da muryar tsohuwa. "Na zauna daidai?"

Daga ranar tsoro ya ɗinke masa baki, ko tari ba ya yi a gaban kwamfuta. Da ya yi shiru kuwa sai jifa ta fara. Rana na faɗuwa duwatsu su dinga sauka a kan rufin kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. In ya fita, ba kowa a layin. Shalele ta daina ci, ta rame, wuya ya fito. A asibiti aka auna ta ciki da waje, ba a ga komai ba. Ya tabbata in aka ci gaba a haka, ita ma rasa ta zai yi, ya rage shi kaɗai da bango.

Yayarsa ce ta turo masa wani malami, dattijo mai sanyin murya da ya daɗe yana ruƙiyya. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a tabarma, ya sa aka zaunar da yarinyar a gabansa. Ya yi ta karatu har haske ya fara janyewa daga taga. Can muryar tsohuwar nan ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni. Ni ba kutse na yi ba. Kira na aka yi."

"Wa ya kira ki?"

Yatsan yarinyar ya ɗago a hankali, ya nuna ubanta.

"Tun ba a gina gidan nan ba nake lungun can, bayan teburinsa. Dangina duk sun watse. Na manta rabon da wani ya ce mini ci kanki. Sai ga bawan Allah ya zo ya zauna, ya fuskanto ni, kullum yana yi mini magana. Ya ce matsa, na matsa. Ya ce zauna, na zauna. Har 'yar albarka yake ce mini. Da ya ce in shiga cikin 'yar, ina zan ƙi?"

Injiniya ya dafe kai. "Innalillahi," kawai ya iya cewa.

"To jifar fa?" Malam ya tambaya.

"Shiru ya yi mini. Ina tuna masa ne."

Malam ya jinjina kai. "Ki ji tsoron Allah ki fita. Jikin nan ba naki ba ne."

"Zan fita, in zai ci gaba da yi mini hira."

"Babu wannan. Ba a ƙulla irin wannan alkawari tsakaninmu da ku."

Muryar ta yi ƙasa sosai.

"To ya faɗa da bakinsa cewa ba da ni yake ba. In ya faɗa, na tafi."

Malam ya dubi Injiniya. Shi kuwa abin mamaki, tausayi ne ya kama shi, don ya san irin wannan zaman.

"Ki yafe ni. Wallahi ba da ke nake ba. Da akwatunan aikina nake. Ban ma san kina nan ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Hawaye suka gangaro a kumatun Shalele, ba wanda ya san na wacce ne cikinsu.

"Ashe," in ji muryar. "Ashe. Ka san da zan shiga yarinyar nan na zaci matsi zan sha? Fili na tarar, ba kowa. Ni ina gabanka a lungu, ita tana bayan kujerarka, duk jira muke. Ni dai na ji nawa. Ku zauna lafiya."

Labulen taga ya ɗan ɗaga ya koma. Yarinyar ta sulale a kan tabarma, numfashinta ya daidaita. Ba a sake jin dutse ba.

Malam ya yi addu'a, ya sa takalmansa, ya wuce masallaci. Injiniya ya zauna kusa da ita har ta buɗe ido.

"Sannu. Kina jin yunwa? Me kike so in dafa miki?"

Shalele ta waiga bayanta. Ta dubi kwamfutar, ta ga a kashe take. Sannan ta dawo da idonta kansa, tana shakka.

"Baba, da ni kake?"