Takalmin Tela a Kan Ƙusa

Yaya Ƙarfe ya dire kofin shayinsa a tsakiyar falo, ya bugi ƙirji, ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi gabansa bai taɓa faɗuwa ba. Umma, wadda ita ce uwar, tana gefe tana ninke wanki. Ta ɗago ta dube shi, ta mai da kai kan wankinta. Ya ci gaba da cewa shi mai walda ne, wuta abokiyar aikinsa ce, kuma kowa ya san ranar da ya kori ɓarayi biyar daga shagonsa da guduma ɗaya. Bara dai ɓarayin biyu ne a labarin, amma ɓarayin Yaya Ƙarfe haihuwa suke yi duk shekara.

"Don haka," in ji shi, yana nuna ƙanwarsa Auta da cokali, "ina raye ba za a shigo mana da ragon namiji cikin dangi ba. Mutumin da inuwarsa ma ke ba shi tsoro."

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan cinyarta.

Wanda ake zagin wani tela ne mai shago a bakin titi, saurayi mai sanyin hali, wanda idan ya yi maka ɗinki sai ka rantse a jikinka rigar ta tsiro. Shi Auta take so, shi ma ita yake so, kuma da farko babu wanda ya ga aibunsa. Abin ya lalace ne ranar da ya fara zuwa gaida su Baba. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, falo cike da dangi, ga Yaya Ƙarfe ya tsare shi da jajayen idanu yana jero tambaya: keken ɗinkin nasa ne ko na aro, ya taɓa yin dambe, idan ɓarawo ya shigo gida da allura zai tare shi? Ana cikin dariya sai abin ya taso wa Tela. Zuciyarsa ta hau dukan ƙirji kamar mai buga ƙofa, gumi ya wanke shi, yatsunsa suka yi sanyi, numfashi ya tsaya masa a maƙogwaro. Ya ga bango na matsowa, ya tabbata mutuwa ce ta zo. Ya miƙe ya fita a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a bakin ƙofa.

Wannan takalmin Yaya Ƙarfe ya ɗauke ya rataye a kan ƙusa a shagonsa. Duk wanda ya kawo gyaran ƙofa ko taga sai an nuna masa, a ce ga abin da surukin gida ya bari da ya ga maza. Ya kuma laƙaba wa Tela suna Kyarma, sunan ya bi titi.

Dangi kowa ya kawo tasa. Gwaggo ta ce farfaɗiya ce, kuma ana gadonta. Kawu ya ce yaran zamani ne, a bincika ko yana shaye-shaye. Daga baya Baba ya yanke magana: Tela ya sake zuwa sau ɗaya. Idan ya zauna ya tashi kamar kowa, za a duba lamarin. Idan ya sake barin takalmi, an rufe zancen har abada.

Auta ba ta zauna ta naɗe hannu ba. Ita ta matsa wa Tela har ya je asibiti. Likita ya auna shi ciki da waje, ya ce zuciyarsa lafiya lau, firgici ne kawai, jiki ne ke kaɗa ƙararrawa alhali babu ɓarawo a gidan. Ya ce abin yana da wuya amma ba ya kisa, yana hawa ya kai ƙarshe ya sauka da kansa, kuma kokawa da shi ce ke ƙara masa ƙarfi. Ya koya masa abin yi idan ya zo: ya zauna, ya kafa tafin ƙafa a ƙasa, ya ja iska ta hanci, ya fitar da ita a hankali kamar mai hura shayi mai zafi, ya riƙa kiran sunan abin da yake taɓawa da abin da yake ji.

Tela ya ƙara da tasa dabarar. Tef ɗin awo ba ya barin wuyansa, don haka idan abin ya taso sai ya riƙe shi ya riƙa zare shi tsakanin yatsu, yana fitar da numfashi har tef ya kai ƙarshe. Sau da dama Auta ta tarar da shi a bayan keke, fuska jiƙe, tef na tafiya a hannunsa. Takan jawo kujera ta zauna kusa, ba ta yi masa fifita, ba ta cewa ya yi jarumta, sai dai ta tuna masa cewa abin ya zo ne, zai kuma wuce.

Wata rana da abin ya sake shi ya ce mata ta haƙura da shi, ta nemi namiji cikakke kamar yadda yayanta yake so.

"Cikakke da me?" in ji ta. "Da surutu? Kai ne kullum kake haɗuwa da abin da ke ce maka mutuwa za ka yi, kuma gari na wayewa ka buɗe shago. Ni ban san jarumtar da ta wuce wannan ba."

A gida kuwa ba ta samu sauƙi ba. Idan ta shigo Yaya Ƙarfe sai ya hau karkarwar ƙarya yana riƙe ƙirji, yana tambaya ko matar Kyarma ta zo karɓar takalmi. Ranar da ta roƙe shi ya ji tsoron Allah ya sauke takalmin nan, ya ce zai sauke shi ranar da aka ga nasa gwiwoyin suna rawa. Ta shige ɗaki ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Umma ta bi ta ta dafa ta, ta ce ta yi haƙuri, harshe ba shi da ƙashi amma mai shi yake fara sara.

To, akwai sito a ƙarshen barandar gidan, ɗan ƙaramin ɗaki babu taga, inda ake ajiye kujerun roba da tsofaffin kaya. Ƙofarsa ta ƙarfe ce, Yaya Ƙarfe ya ƙera ta da hannunsa, yana alfahari ko iska sai da izini take shiga. Idan aka tura ta, kulle kanta take yi, sai da makulli daga waje ko mariƙi daga ciki. Da safen ranar da Tela zai dawo, matar Yaya ta ga mijinta yana kwance ƙwan fitilar sito, yana cire mariƙin ƙofa na ciki. Ta gane nufinsa: ya tura Tela ciki ya rufe, dangi su ji ihunsa da kunnensu. Ta ce masa in zai gina ramin mugunta ya gina shi gajere. Ya ce ta kama bakinta, maganar maza ce.

Da yamma Tela ya iso, tef a wuya, sabon takalmi a ƙafa. Ya gaida kowa, ya zauna. Gwaggo na kallonsa kamar tana jiran ya faɗi, Kawu na shinshina iska. Ba a daɗe ba Yaya Ƙarfe ya miƙe ya ce kujeru sun yi kaɗan, Kyarma ya zo ya taya shi ɗauka in hannunsa zai iya.

A bakin sito Tela ya ga duhu, ya ɗan tsaya. Yaya Ƙarfe ya yi tsaki.

"Kauce ka ga yadda maza ke shiga wuri."

Ya shige har ƙurya, da niyyar Tela ya biyo shi, shi kuma ya zame ya fito. Daidai nan Umma ta taho daga kicin da faranti a hannu. Tela ya ja baya ya ba ta hanya. Ita kuwa Umma a duniya babu abin da ta tsana kamar ta ga sito a buɗe, saboda ɓeraye. Ba ta ko leƙa ba, ta sa ƙafa ta tura ƙofar tana mita. Ƙofa ta ce ƙaras.

Da farko Yaya Ƙarfe faɗa ya hau yi, a buɗe masa. Aka ce ina makulli? Makulli na ƙugunsa, a cikin wani zobe mai tauri da ya ɗaure da sarƙa a bel. Baba ya ce ya zaro shi ya turo ta ƙarƙashin ƙofa. Aka ji sarƙa na ƙara, aka ji ta ci gaba da ƙara, makulli bai fito ba. Sai muryar ta canja. Ya ce iska ta ƙare a ɗakin. Ya ce ƙirjinsa zai fashe, hannunsa ya mutu. Ya hau dukan ƙofa da tafi biyu.

"Umma! Umma, mutuwa zan yi, ku fasa ƙofar nan!"

Wa zai fasa? Ai ba a fasa ƙofar Yaya Ƙarfe, shi da kansa ya faɗa. Gwaggo ta ɗora hannu a ka, Kawu na daka masa tsawa ya zama namiji mana, kuma duk tsawa sai dukan ƙofa ya ƙaru.

Tela na tsaye, ihun nan da cunkoson nan sun fara taso masa da nasa firgicin. Auta ta ga goshinsa ya jiƙe, ta ga idonsa ya kai ga ƙofar fita, inda takalmansa suke. Ta tsaya ta dube shi. Sai ya zauna dirshan a ƙasa a jikin ƙofar sito, ya roƙi kowa ya ja baya a yi shiru. Ya zare tef daga wuyansa, ya tura bakinsa ta ƙarƙashin ƙofa.

"Yaya, ni ne. Ba mutuwa za ka yi ba. Na san shi, ya sha zuwa mini, kuma ga ni. Akwai iska a ɗakin, tana shiga ta nan ƙasa. Zauna, ka lalubo tef kusa da ƙafarka."

Aka ji zagi, sannan aka ji mutum ya zube ƙasa. Tef ya motsa.

Tela ya ce wa Yaya ya ja tef ɗin ciki yana shaƙar iska ta hanci, shi kuma zai jawo shi waje sannu sannu, kada numfashin ya ƙare fita sai tef ya tsaya. Suka yi ta yi, tef na shiga yana fita, kuma duk wanda ya lura zai ga hannun Tela ma rawa yake, da numfashin nan ɗaya yake lallashin mutum biyu. Ya tambaye shi me yake taɓawa. Murya ta ce ƙafar kujera. Sai me? Buhu. Sai me? Siminti, da sanyi. Me yake ji a kunne? Ya ce kukan Gwaggo. Tela ya ce to ai kuwa duk unguwa na jin sa, aka ji wata 'yar dariya mai haɗe da shessheƙa daga ciki.

A hankali dukan ƙirji ya lafa, yatsu suka dawo na mai su. Can sai ga makulli ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofa.

Da aka buɗe, ga Yaya Ƙarfe zaune a ƙasa, riga jiƙe sharkaf, gwiwoyi na kaɗawa, ya ƙanƙame bakin tef da hannu biyu kamar jariri da zanen uwarsa. Ya ga idanun dangi, ya yi maza ya saki, ya ce shi fa gwada yaron yake yi.

"Gwaji?" in ji matarsa. "Shi ya sa tun da aka kawo ni ba mu taɓa kwana da ƙofar ɗaki a rufe ba? Ka ce mini zafi kake ji, har da lokacin sanyi."

Umma ta ajiye faranti, ta ce tun yana yaro haka yake, ita dai ba a tambaye ta ba ne. Baba ya ɗaga kai ya ga babu ƙwan fitila, ya duba ya ga babu mariƙi, bai buƙaci bayani ba. Ya kama hannun Tela ya tashe shi, ya ce ya ba shi Auta, duniya da lahira. Auta ta rufe fuska, wannan karon hawayen na daɗi ne.

Haka abin yake. Firgici ciwo ne kamar kowane ciwo, ba ragwanci ba ne, kuma mai fama da shi natsuwa yake buƙata a kusa da shi, ba tsawa ko dariya ba. Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, mai yi wa ciwon wani dariya kuwa ya fara duba abin da ya ɓoye a nasa ƙirjin.

Baba ya juya ga ɗansa, wanda ke ƙoƙarin miƙewa yana dafa bango.

"Kai kuma ka ce sai an ga gwiwarka na rawa. To mun gani. Je ka shago ka sauko da takalmin nan, ka goge shi, ka kawo wa mai shi da hannunka. Ka bi ta titi."