Keken Mama Mildred

"Daga ina keken nan ya fito, Meshak?"

Afiniki ta yi tambayar a tsakar gidansu da ke Kafanchan, ranar wata Asabar ta 1971, a gaban matan zumuntar majami'a huɗu da suka rako kyautar. Saura mako biyu a ɗaura aurensu. Mahaifiyar Meshak ce ta aiko wa amarya da keken ɗinki, an goge shi da mai yana ta ƙyalli.

Meshak ya yi dariya, ya ce daga ina kuwa in ba daga gidan surukarta ba. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ɗage ƙyallen da aka rufe teburin keken da shi, ta ɗora yatsa a kan wani baƙin tabo mai siffar dutsen guga.

"Ni na ƙona wurin nan. Ina da shekara goma sha uku."

Nan take matan suka tuna sun bar tukwane a kan wuta, suka fice.

Kowa a unguwar ya san mai keken. Mama Mildred tela ce, 'yar ƙabilar Ibo, mijinta ma'aikacin reluwe. A wurinta Afiniki ta koyi ɗinki. Ranar da ta manta dutsen guga a kan teburin, matar ta murɗe mata kunne, sannan ta zuba mata shinkafa. A rikicin 1966, Afiniki tana makarantar kwana, iyalin suka gudu da kayan jikinsu kawai, maƙwabta kuma suka kwashe gidan cikin kwana biyu. Bayan yaƙin basasa Mama Mildred ta dawo ba miji, da 'ya'ya biyu daga cikin huɗu. Ta kama ɗaki ɗaya a bayan kasuwa, tana ɗinkin hannu da allura.

Da farko Meshak ya ce mahaifiyarsa saya ta yi. Afiniki ta tambaye shi a wurin wa. Sai ya ce shi ya ɗauko, yana ɗan shekara goma sha bakwai, kuma da bai ɗauka ba da wani ya ɗauka ko an ƙona shi.

"Shekara biyar yana ɗakin uwarka?"

"An rufe shi da buhu..."

"Ita kuma tana huda yatsunta da allura a bayan kasuwa."

"Afi, masoyiyata, ki saurare ni..."

"Kada ka kira ni haka a kan keken nan."

"Kowa ya ɗauka!" Muryarsa ta tashi. "Rabin unguwar nan a gadajensu suke kwana. Ki juya ki kalli ƙofar ɗakin babanki."

Ta juya. Koriyar ƙofa ce mai mariƙin tagulla. An gaya mata a gwanjo aka saye ta, ta kuma yarda, domin ba ta so ta tuna inda ta taɓa ganin wannan mariƙin.

Mahaifinta, Baba Andrawus, dattijo ne a ikkilisiya. Da yamma ya zaunar da ita ya yi mata bayani a natse. Gwamnati ta ce a manta da abin da ya wuce. In keken ya fita kan hanya, gobe za a tambayi gadaje, jibi kwanon rufi, unguwa gaba ɗaya ta sha kunya. Kuma wace yarinya ce za ta kira surukarta ɓarauniya tun kafin ta shiga gidan? A bari a yi auren, daga baya a ga yadda za a yi.

Afiniki ta tuna masa wa'azinsa na makon jiya, inda ya ce kada mai bin Allah ya bi abin da kowa ke yi, ya nemi nufin Allah ko da shi kaɗai ya rage.

"Ke za ki koya mini nufin Allah? Na yi addu'a a kan maganar nan."

"A bayan wannan ƙofar ka yi ta, Baba."

Ya ɗaga hannu, ya sauke. Bai ƙara yi mata magana ba sai bayan mako guda.

Ranar Litinin mahaifiyar Meshak ta aiko da saƙo: in keken ya koma hannun waccan matar, Afiniki ta nemi wani miji. Matan zumunta suka daina amsa gaisuwarta. A makarantar firamare inda take koyarwa, wata malama ta fara kiranta Uwar Tsarkaka.

Ta yi azumi kwana uku. Ba hanya ta roƙa a nuna mata ba, domin ta riga ta san ta. Ta roƙi Allah ya sake ta ne, ya bar ta ta yi aurenta kamar kowa. Ta yi fushi da Meshak, da mahaifinta, da Mama Mildred da ta dawo, har da Allah da ya bar tabon a inda za ta gan shi. A rana ta uku ta sha ruwa, keken yana nan a tsakar gida, ita ma tana nan inda take.

Meshak ya zo makarantar ranar Alhamis lokacin hutun tara, da kayan aikinsa na gyaran injin jirgin ƙasa. Ya kawo shawara: a ba wani baƙo keken ya ajiye a bakin ƙofar matar ya tafi, ba wanda zai san daga ina ya fito. Mahaifiyarsa ba za ta tozarta ba, matar kuma ta samu kayanta.

"Da rana ya fita daga gidanta, a kanka," in ji Afiniki. "Kowa ya gani."

"Uwata fa, Afi. Ita ta aike ni ranar. Kina so in tsaya a kasuwa in nuna ta da yatsa?"

"Ina so in kwanta kusa da mutumin da ba ya ɓoye kome a ƙarƙashin buhu." Ta share ido da bayan hannu, cikin haushi. "Ina sonka, Meshak. Shi ne abin da ke ƙona mini rai."

Ta gaya masa ranar Lahadi za a yi shelar aurensu ta ƙarshe a majami'a. In fasto ya tambaya ko akwai mai dalilin hana auren, ita za ta miƙe.

"To ki auri keken," ya ce, ya tafi.

Ranar Asabar da hantsi ta kwance kan keken daga teburin, ta naɗa gammo, ta ɗora. Baba Andrawus yana zaune a ƙofar ɗakinsa, ya ce in ta fita da shi ta san abin da ta zaɓa. Ta ce ta sani. Nauyin ya fi yadda ta zata. Kafin ta kai mararrabar layin dogo wuyanta ya fara rawa.

A nan Meshak ya tare ta, hannuwansa baƙi ƙirin da mai.

"Sauke."

"Matsa mini."

"Sauke na ce. Ba ke kika ɗauko shi ba."

Ya karɓa ya ɗora a kansa. Fuskarsa a murtuke, bai kalle ta ba. Suka ratsa tsakiyar kasuwa tana bin bayansa. Masu sayar da citta da doya suka daina ciniki. Wani ya yi ihu yana tambaya ko ango ya koma dako ne. Meshak bai waiwaya ba.

Mama Mildred tana bakin ƙofarta tana ɗinke wuyan wata riga. Ba ta tashi ba. Meshak ya sauke kayan a gabanta, ya ce teburin da ƙafar suna zuwa, sahu biyu ya yi wancan karon ma. Ya koma, ya sake ratsa kasuwar da su. Da ya haɗa keken, ya tsaya ya sunkuyar da kai.

"Ni na ɗauka, Mama."

"Na sani," ta ce. "Tun makon da na dawo aka gaya mini. Na san inda gadona yake. Na san inda ƙofata take. Kullum da safe ina gaishe su, suna tambayata yaya yara."

Afiniki ta kasa ɗaga ido.

Matar ta shafa tabon, ta daɗe hannunta yana wurin. Ba ta ce ta yafe ba. Ta juya ƙafar keken, ta shinshina yatsunta, ta ɗaure fuska.

"Man jirgi ka zuba masa? Jirgi ne shi?"

"Shi nake da shi, Mama..."

"Kwana biyu zan yi ina wankewa." Ta juya wajen Afiniki. "Wa ke ɗinka rigar auren?"

"Ban tabbata akwai aure ba, Mama."

"Akwai," in ji Meshak, da ƙarfi, kamar mai faɗa. Sai a lokacin ya kalle ta.

"Kawo yadin ranar Litinin," Mama Mildred ta ce. "Kuma kada ki taɓa mini dutsen guga."

An ɗaura auren a ranar da aka sa. Mahaifiyar Meshak ba ta zo ba, bencin matan zumunta rabi ne ya cika. Meshak ya yi ta duban ƙofar majami'a har aka idar da addu'ar ƙarshe, sannan ya daina. Baba Andrawus ya zauna a sahun gaba, bai yi wa kowa murmushi ba.

Da yamma Afiniki ta shiga gida yi wa iyayenta sallama. A bakin ɗakin mahaifinta asabari ne ke rataye, ramukan ƙusoshi suna nan a jikin katako.

"Me kike kallo?" ya daka mata tsawa. "Gara ce ta cinye ta."

Ta durƙusa ya sa mata albarka, a taƙaice, yana hararar bango. Ba ta gaya masa cewa ta riga ta ga ƙofar ba, jiya, da ta je karɓar rigarta. Ƙofar tana jingine a bangon ɗakin Mama Mildred, koriya, babu inda gara ta taɓa.