Mai Gilashi da Saiwar Kududdufi

Rana ta riga ta faɗi, amma duhu bai gama sauka ba, lokacin da tsakuwar farko ta faɗo a kan kwanon rufin gidan Mai Gilashi.

Yana falo a durƙushe gaban akwatin kifinsa, hannunsa cikin ruwa har gwiwa, yana dasa wani ɗan tsiro da dogon hantsaki. Matarsa tana kicin tana wanke tukunya. 'Yarsu, wadda kowa ke kira Auta, tana zaune a kan darduma a bayansa, hannuwanta a kan cinya. Dukansu sun ji ƙarar. Amma a gidan nan an daɗe da daina tambayar juna, "Kin ji?"

Wasu tsakuwoyin suka biyo baya, ɗai-ɗai, kowace ta gangaro a hankali ta bi kwarin kwanon ta sauka tsakar gida.

"Yaran maƙwabta ne," in ji shi, bai ko waiwayo ba.

Matar ta fita ta tsince su. Ƙanana ne, baƙaƙe, masu santsi, kuma a jiƙe sharaf, alhali an daɗe ba a ga ko yayyafi ba. Ta kawo su a tafin hannu ta miƙa masa. Ya dube su, ya dubi ƙasan akwatin. Irinsu ne sak. Shi da kansa ya wanke wannan tsakuwa a bokiti ya shimfiɗa ta a kan yashi. Ya karɓa ya mayar da su cikin ruwan, ya ci gaba da dashensa.

Sana'arsa yankan gilashin tagogi da madubai. Yana da ɗan shago a bakin titi, kuma a da tare da babban ɗansa, Dogo, yake aiki, shi ke kama masa gefe in za a ɗaga babban gilashi. Zazzaɓi ya kwantar da Dogo, kafin a farga an kai shi makwancinsa. Mutane suka yi ta yaba danganar uban. Da aka watse daga zaman gaisuwa sai ya koma shago, ya tattara ragowar gilasai masu kauri, ya yanka, ya manna, ya haɗa wani dogon akwati, ya kawo gida ya kafa a jikin bangon da Dogo ke jingina in yana kallon ƙwallo.

Kifin ba su dame shi ba, 'yan ƙanana ne ya zuba don kada ruwan ya zama kango. Tsirran ne suka cinye shi. Ya koyi cewa ba kowanne ake binnewa ba: wasu saiwarsu na son ƙasa mai taki a ƙarƙashin yashi, wasu kuwa in ka binne gindinsu ruɓewa suke yi, sai dai a ɗaure su da zare a jikin dutse ko itace. Ya koyi barin ruwan famfo ya kwana a bokiti kafin ya ƙara, don warin maganin ya fita. Fitilar akwatin in ta yi yawa, gansakuka ce ke cin riba, ta lulluɓe gilashi da ganye. In ta yi kaɗan, tsirran su miƙe su koɗe kamar masu jinya. Sabon tsiro yakan zubar da ganyensa duka ya narke, ka rantse ya mutu, amma in an ƙyale shi sai ya tofo. Da ya dawo daga shago sai ya wanke hannu ya durƙusa, yana datsa, yana gogewa, yana kallon 'yan kumfa suna tashi daga jikin ganye, har a kira shi cin abinci, har abincin ya huce.

Matarsa ta taɓa yin ƙorafi. "Baban Auta, da ni ma ganye ce, da ka san ranar da na yi yaushi." Ya ce, "Uhm," idonsa na kan ruwa. Daga nan ta kama bakinta. Auta kuwa ta zama kamar kujera a gidan, ana kewaye ta, ba a tuntuɓe da ita.

Abin da ya rage masa shi ne itacen da zai ɗaura wasu tsirran. Wata rana, yana dawowa daga sa tagogi a wani sabon gini, ya bi ta gefen wani kududdufi da tifofi ke cikewa da ƙasa. Ruwan ya saura ɗan kaɗan a tsakiya, kore, babu motsi. A bakinsa ya hango wata tsohuwar saiwar bishiya, baƙa ƙirin, rassanta a lanƙwashe kamar yatsun tsoho. Ya naɗe wando ya shiga ya ciro ta. Ta fi girmanta nauyi. A gida ya kankare ta, ya kwara mata tafasasshen ruwa kamar yadda ake yi don kashe ƙwari, ya kafa ta a tsakiyar akwatin, ya ɗaura mata tsirrai.

Tun daga ranar lambun nasa ya haukace da girma. Abin da kan daɗe kafin ya fid da ganye guda sai a wayi gari ya taɓo saman ruwa. Ya datse da yamma, da safe ya tarar sun koma yadda suke. Dodannin koɗi suka hauro gilashi suka fice, aka riƙa taka su a ƙasa. Kifin suka taru a kusurwa guda suka ƙi ci. Shi dai ya ga kore ya yi kyau.

Jifan ya zama na kullum, kuma da almuru kaɗai. Sannan murya ta biyo. In 'yar na'urar tace ruwa tana ɓulɓula, akan ji kamar wata tsohuwa tana gunguni a ƙarƙashin ƙarar, kamar mai kiran yara su shigo gida. An taɓa ɗauke wuta, na'urar ta tsaya, gungunin bai tsaya ba. Matar ta zo ƙofar falo da cocilan a hannu, ta saurara, ta koma kicin. Tsoro ma sai mai sauran ƙarfi.

Auta ta fara matsowa kusa da akwatin in uban ya tafi shago. Ta rage cin abinci, sannan ta daina. Gashinta kullum da danshi, jikinta na warin laka, tafin hannunta ya yamutse kamar na wadda ta wuni tana wanki. Uwar ta gani, ta ce gobe za ta tambaye ta. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa.

Ran nan, ana kiran magariba, uwar ta shigo falo ta tarar da Auta tsaye a kan kujera, ta sunkuya, fuskarta duka cikin ruwan, idanunta a buɗe. Ba ta motsi, ba kumfa ko ɗaya. Uwar ta fizgo ta suka zube tare a ƙasa. Yarinyar ta dube ta, ruwa na zuba daga haɓarta, ta buɗe baki, sai muryar wata tsohuwa ta fito, a dishe, a hankali.

"Ki bar ni. Yarana nake dubawa."

Uwar ba ta yi ihu ba. Ta ja mayafi, ta bar yarinyar a hannun uban da ya shigo yanzu-yanzu, ta tafi gidan yayanta da ƙafa.

Washegari da la'asar yayan nata ya kawo wani dattijon malami mai koyar da karatu a bayan kasuwa, siririn mutum marar yawan magana. Malam ya gaisa da kowa, ya dubi Auta da ke kwance shiru a kan darduma, sannan ya je ya tsaya gaban akwatin ya daɗe.

"Masha Allah, ka iya reno," in ji shi. "Wannan itacen fa, a ina ka samo shi?"

Mai Gilashi ya faɗa masa. Malam ya matsa daga gaban akwatin. Ya nemi ruwa ya yi alwala, ya zauna yana jiran rana ta faɗi.

Bayan sun idar da salla ya sa uwar ta rungume Auta ta baya, ya zauna a gabanta ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta yankewa. Tsakuwa ta fara sauka a rufi kamar ƙanƙara. Ruwan akwatin ya yi duhu, tsirran suka kwanta gefe guda kamar iska na kaɗa su. Auta ta sandare, ta toshe kunnuwa, ta yi wani nishi da ba na ƙirjin yarinya ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni," in ji muryar tsohuwar.

Jifan ya ɗauke. Malam ya dakata.

"Wace ce ke?"

"Ba sunana ka zo nema ba."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

"Kawo ni aka yi. Tambaye shi." Kan yarinyar ya juya sannu a hankali zuwa ga uban. "Ina zaune a gidana tun kafin kakansa ya yi haƙori. Suka zo da motoci suka binne mana ruwa. Saiwar nan kaɗai ta rage mini, na tara 'ya'yana a cikinta. Ya ciro ta, ya kwara mana ruwan zafi. Ƙaraminsu bai tashi ba."

Mai Gilashi ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Ban sani ba," in ji shi.

"Na san ba ka sani ba. Da me ka sani?"

"Yi magana da ni, ba da shi ba," in ji Malam. "Yarinyar me ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. A buɗe na same ta. Na yi jifa don a tambaye ni, ba wanda ya tambaya. Na yi magana, ba wanda ya amsa. Na ce ashe gidan nan ma ƙarƙashin ruwa yake, irin namu. Ita kaɗai ce ta taɓa zuwa bakin gilashi ta ce mini sannu."

Uwar ta ƙara ƙanƙame 'yarta, ta sunkuyar da kai.

"Za ki fita," in ji Malam.

"Zan fita da ita. Ɗa a madadin ɗa. Ba za su ma lura ba."

Malam ya koma karatu. Ya daɗe a kai, har gumi ya jiƙa hularsa, har muryar tsohuwar ta koma kukan da ba ya fita sosai, irin na wadda ta riga ta gaji da kuka.

"To a bar mini akwatin. In zauna a ciki, ita kuma ta riƙa zuwa da almuru muna hira."

"Babu hira tsakaninku. An cuce ki bisa rashin sani, kuma ba za a ƙara ba. Ke kuwa kina cutar wadda ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Ki ji tsoron wanda ya halicce mu duka."

Na'urar tace ruwa kaɗai ke ɓulɓula.

"Ina za ni? Gidana ya zama bene."

"Akwai kogi a wajen gari, inda tifa ba ta kai."

"Shi zai kai ni, da hannunsa. Da duk abin da ya ɗaura a jikin saiwar. Sauran 'ya'yana sun saba da inuwarsu."

Malam ya dubi Mai Gilashi. Shi kuwa ya dubi lambun da ya yi ta reno tun rasuwar ɗansa, ganye bayan ganye. Sannan ya dubi ƙafafun Auta, yadda suka rame.

"Zan kai," in ji shi. "Duka."

Malam ya sa ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba, ba kuma za ta aiko ba. Ta rantse. Ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa, kada ta bar rauni. Ƙafar Auta ta hagu ta yi ta rawa, ta miƙe, ta saki. Yarinyar ta yi atishawa, ta amayar da ruwa mai laka a kan dardumar, ta buɗe ido.

"Umma, sanyi nake ji," in ji ta, da muryarta.

Da zai tafi, Malam ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi.

"Kada ka riƙe maganar aljani duka. Sukan gauraya gaskiya da ƙarya."

"Wacce ce ƙaryar a ciki, Malam?"

Malam ya gyara rigarsa, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tafi.

Da gari ya waye Mai Gilashi ya yi bismilla ya ciro saiwar, ya tuge sauran tsirran har na cikin yashi, ya zuba su a babban bokiti da ruwansu. Kifin ya miƙa wa maƙwabci a kwano. Ya hau mota har inda titi ya ƙare, ya ƙarasa da ƙafa, bokitin a ka, ruwa na zuba masa a wuya. A bakin kogin ya shiga har ƙugu, ya sa hannu biyu ya ajiye saiwar. Ta nutse nan take, ruwan bai ko girgiza ba. Ganyayen suka ɗan yi yawo a sama, kogi ya tafi da su.

Ya dawo da yamma, wandonsa ya bushe da laka. Auta tana zaune a dokin ƙofa cikin bargo, kofin shayi a hannunta. Ya ajiye bokitin. Ya tsaya kamar baƙon da ya rasa inda zai zauna, sannan ya zauna a gefenta. 

"Auta," in ji shi a ƙarshe, "aji nawa kike yanzu?"

Ta juyo ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Na gama tun bara, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana gyaɗa kai. A cikin gida ƙarar ludayi ta tsaya, uwar ta fito ta jingina da bango tana sauraro.

"To," in ji shi. "Faɗa mini. Fara tun daga farko."