Hular Faraji

"Wa kika ɗinka wa hular nan, Zuhura?"

Yaya Famau ne tsaye a ƙofar madafa, ƙafafunsa duk yashin teku, idanunsa jajir. Ina tsugune ina kankare kwakwa, sai na dakata.

"Wace hula, Yaya?"

"Kar ki raina mini hankali! Wadda na gani a kan Faraji yau. Zaren nan ruwan zuma ni na sayo miki shi!"

Na sunkuyar da kai. A tsibirinmu na Lamu mace ba ta ƙarar da idonta a kan hula sai don uba, ko ɗan'uwa, ko wanda zuciyarta ta zaɓa. Tun kafin azumi nake ɗinkin, kullum Yaya ya wuce sai ya ce, "Ki yi sauri mana, kaina ya gaji da jira." Ni dai dariya nake yi, don kunya ta hana ni gaya masa.

"Yana sona, Yaya... Ni ma ina sonsa. Gobe zai zo wurin Baba."

"Faraji?" Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ya karɓe jirgi, ya cinye tsere, yanzu kuma ƙanwata?"

Tare suka tashi fa, kamar Hasan da Husaini. Makarantar allo ɗaya, jirgin ruwa ɗaya suke yi wa aiki. Sai bana mai jirgin ya damƙa wa Faraji tuƙi a tseren jirage na bikin Mauludi, ya zo na ɗaya, aka ɗauke shi a kafaɗa. Yaya ya yi tafi tare da kowa, amma tun daga ranar, ko sunan Faraji aka ambata sai ya ture abinci.

Washegari bayan la'asar Faraji ya zo da kawunsa, dattijo Baraka. Suka zauna a dakalin zaure, ni kuwa na laɓe bayan ƙofa. Hular ta zauna wa Faraji ɗas. Baba ya zuba musu gahawa da hannunsa yana murmushi, don ya daɗe yana son yaron.

Sai ga Yaya.

"Baba, kafin a yi nisa, a tambaye shi. Da kakansa ke shigowa zauren nan, me ke kansa?"

Babu wanda bai sani ba, a da bawa ba ya sa hula ko takalmi a gaban iyayen gidansa, kakan Faraji kuwa a gonar kakanmu ya tsufa yana bauta. An daina faɗa ne kawai, ba a manta ba.

"Famau!" Baba ya daka tsawa. "Ka haukace ne?"

"Gaskiya na faɗa. Abota daban, jini daban."

Faraji ya miƙe a hankali. "Famau... ni ne fa. Kwanon uwata muke ci tare tun ba mu san sa wando ba."

"Na ci mana. Dama ai ku ke dafa mana."

Ba wannan maganar ce ta kashe ni ba. Kawu Baraka ne. Tsohon nan da aka haifa a wancan zamani, ya kai hannu kansa, ya cire hularsa, ya zame daga dakali ya zauna a ƙasa.

"Ku yi haƙuri, ranku ya daɗe... kuskure muka yi."

Wallahi har yau ban manta fuskar Faraji ba. Ya durƙusa ya ɗaga tsohon, ya mayar masa da hularsa, ya gyara mata zama. Bai ƙara kallon kowa ba, suka fita.

Baba ya bi su har titi ba takalmi. "Ɗana, dawo! Na ba ka ita! Wallahi na ba ka!"

Faraji bai juyo ba.

Da safe na ji zai bi jirgin ruwan dakon itace zuwa Mombasa. Na lulluɓa na ruga bakin ruwa, ban damu da masu kallo ba. Na same shi yana naɗe igiya.

"Baba ya yarda, Faraji!"

"Na ji shi. Allah ya saka masa da alheri."

"To me ya rage, masoyina? In garin ne ba ka so, ka tafi da ni!"

Ya dube ni, idanunsa cike da ƙwalla.

"Zuhura, hasken idona... in na aure ki, ɗanmu zai kira Famau kawu. Wata rana ya yi masa laifi irin na yara, me kike zaton zai ce masa?"

"Fushi ne kawai! Kishi ne!"

"Kishi ne ya buɗe bakin, amma maganar ta daɗe a ciki. Da wani ne ya faɗa, dariya zan yi. Famau ne fa... Duk shekarun nan yana rungume ni, ashe haka yake kallona."

"Ni kuma fa? Me na yi maka?"

"Ba ki yi komai ba. Shi ya sa ba zan raba ki da jininki ba, ni kuma ba zan iya zama a cikinsu ba."

Na fashe da kuka. Masu jirgi suka kira shi. Har ya taka, sai ya tsaya ya gaya mini wani saƙo, sannan ya shiga. Na tsaya nan har jirgin ya ɓace mini.

A zaure na tarar da Yaya zaune shi kaɗai, fuskarsa a kumbure. Da ya gan ni ya miƙe zumbur.

"Ya tafi?"

"Ya tafi."

"Ya... ya tsine mini, ko?"

"A'a. Ya ce igiyar gaban jirginku ta cinye, ka canza ta kafin ka fita teku, don ya san halinka, ba ka dubawa."

Yaya ya dafa bango, ya sulale ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Na raɓa shi na shige ciki. Ba ni da hawayen da zan taya shi da su.